Cokali a Gindin Jitar Yaya

Dalma ake ce masa, don ya shekara arba'in yana narka dalma yana liƙa wayoyi a cikin rediyon mutane, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin kowa. Cikin masu yi masa magana, 'yarsa kaɗai ta rage da za ta iya tunawa, ita kuwa tana aure can nesa, in ta bugo waya Baba take cewa, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta kashe.

Shagonsa na layin masu gyara, tsakanin tela da mai facin taya. Ɗan ɗaki ne, in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango da bango. Kantoci cike da matattun rediyo waɗanda masu su suka kawo suka manta, don yanzu wa ke gyaran rediyo? Abu ya lalace a jefar. Da safe yakan buɗe, ya share, ya jona ƙarfen dalma a wuta, ya soke fensir a bayan kunne kamar mai jiran babban aiki, ya zauna yana kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Da yamma ya rufe, ya hau bene zuwa ɗakinsa. Tun da matarsa ta rasu, kofi ɗaya ne a kan tire, kujera ɗaya a bakin taga. Mai yi masa magana a ɗakin nan guda ne, wata tsohuwar rediyo mai akwatin katako, wadda sai ta yi minti biyu tana ɗumama kafin ta buɗe baki.

Amma yana da wa. Kuma ba can wata uwa duniya ba, tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. Shekara goma sha biyu ba su ce wa juna ko sannu ba.

Wan nan makaɗin jita ne, jitar lantarki, irin wadda sai an jona ta da sifika take magana. A zamaninsa Mai-Yatsu ake kiransa. Abin da ya yi suna da shi ba gudun hannu ba ne. In ya danne tsirkiya da yatsan hagu, sai ya girgiza ta a hankali, muryar ta riƙa rawa kamar ta mai son yin kuka yana jin kunya. Mata su yi ta share ido, maza su yi ta tarin ƙarya. Shi kuwa Dalma yana bayan labule a tsugune da akwatin kayan aiki, shi ne mai jona waya, shi ne mai canza tsirkiya, shi ne mai ɗaurin murya kafin a fara. Shekara ashirin ba a taɓa tafa masa ba, bai kuma taɓa nema ba.

Sai ran nan a wani babban ɗakin taro, ana tsakiyar waƙa, jita ta ɗauke ɗif. Mai-Yatsu ne da kansa ya taka waya ta zare. Maimakon ya sunkuya ya mayar, sai ya matsa bakin lasifika ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, aikin ƙanena ne. Ko fitila ya gyara, sai ta kama tashar labarai."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Dalma ya fito ya mayar da wayar a gaban kowa, ya naɗe kayansa, ya bi ta ƙofar baya. Shi ke nan faɗan. Ba gado, ba mace, ba gona. Maza ke nan, a kan waya ɗaya su cinye shekara goma sha biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Da ciwo ya kayar da wan, ɓarin hagu ya shanye, Dalma ya je asibiti. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar lemo a hannu. Wan ya dube shi, ya juya fuska bango. Dalma ya ajiye lemon a kan benci ya dawo shago.

Wata bakwai bayan haka, da rana tsaka, inuwa ta tare masa ƙofa. Matar wan ce, ta rungumo doguwar jaka da aka ɗaure bakinta da tsumma.

"Mijin ƙarya, ashe kana raye," in ji ta.

"Matar Yaya, ke ce a ranar nan? Shigo, ga kujera."

"Wace kujera? Wannan ai gawar talabijin ce." Ta zauna a kai duk da haka. Ta ɗora jakar a kan teburinsa. "Yayanka ya ce in fitar da jitar nan daga ɗakin, in ga dama in kai bola. Na ɗauko zan kai, ƙafata ta kawo ni nan."

Dalma bai taɓa jakar ba. "Yaya jikin nasa?"

"Jiki da sauƙi. Likita ya ce jikin yana son tashi, mai jikin ne ya kwanta. Yatsu biyu sun dawo, yana iya dannawa. Ran nan ya sa na miƙo masa ita, ya danna, ta yi ƙara, ya nemi ya girgiza yatsan nan nasa, yatsa ya ce bai san zancen ba. Tun ranar ba ya magana, abinci sai na yi kamar zan doke shi. Ni dai na gaji da zama da mutum biyu, ɗaya a gado ɗaya a jingine, ba mai cewa uffan." Ta tashi ta gyara mayafi. "Kai ma ga ka nan kamar hoton bango. Uwarku dai ta yi haƙuri, Allah Ya ji ƙanta."

Sai da ta tafi ya kwance tsummar. Ja ce jitar, jan ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Ya san kowane tabo a jikinta, wasu ma shi ya yi su. Ya jona ta, ya taɓa tsirkiya da ɗan yatsa a hankali, kamar yadda mara lafiya zai taɓa. Muryar ta fito can ƙasa kamar ana magana a cikin tulu.

A jikin irin wannan jita akwai wasu 'yan ƙarafa biyu kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. 'Yan sana'a na ce musu fikof, Dalma kuwa kunnuwa yake ce musu, don su ne ke jin tsirkiya su kai wa sifika labari. Kunnuwan nan sun tsufa, sai an yi musu ihu. Da can ba komai, mai ita yana da ƙarfin ihun. Yanzu fa?

Ya kwana biyu yana kallonta. A rana ta uku ya rufe shago ya tafi wajen mai sayar da kayan kiɗa, ya ce yana son kunnuwa sababbi masu jin raɗa, yana kuma son ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gindin jita, mai sifirin da ɗan hannu, wanda in an danna sai tsirkiyoyi su saki, in an sake su ɗaure, murya ta yi rawa. Abin da yatsan hagu ya ƙi yi, hannun dama ya yi shi. Mai kayan ya ce kunnuwa akwai, amma ba tagwaye ba ne, kowanne da masana'antar da ta yi shi. Ƙarfen kuwa sai an aiko, mako uku. Ya ƙara da cewa ya daɗe yana sha'awar rediyon nan mai akwatin katako.

Washegari Dalma ya sauko da ita daga bene a rungume, ya kai masa a madadin kuɗin kayan. Daga ranar ɗakinsa ya yi tsit. Da yamma in ya zauna shan shayi, ƙarar cokali a kofi yake ji, da famfon maƙwabta, da yaran wani gida ana kiransu cin abinci. Inda rediyon take a kan tebur, ƙura ta bar murabba'i fes. Ya kasa gogewa.

Da ƙarfen ya iso, tela ya leƙo, allura a baki.

"Dalma, wannan cokalin fa? Jitar ce za ta fara cin abinci?"

"Koma kan wandon mutane."

"Wallahi cokali ne. Ka ga mariƙin. To wa zai kaɗa? Kai dai ko ƙofa ka ƙwanƙwasa ba ta yin daɗi."

Sunan dai ya zauna. Shi kansa cokali ya koma kiransa a zuci.

Aikin kunnuwa bai ba shi wuya ba. Ya kwance tsirkiyoyi, ya cire murfi, ya zare tsofaffin ya naɗe su a takarda. Kowane sabon kunne yana da waya biyu, ja da fara. Mai gyaran rediyo ko daga barci aka tashe shi ya san ja ce mai kai saƙo, ɗayar ta koma ƙasa. Akwai 'yar takarda a kowane kwali mai ƙananan rubutu, ya ture su gefe, wai shi da ya shekara arba'in za a koya wa ja da fari. Ya liƙa ja inda ja take zuwa, dalma ta kwanta sumul tana ƙyalli.

Jitar tana da ɗan makunni mai zango uku. Sama, kunnen da ke wajen wuyan jita kaɗai. Ƙasa, kunnen gindi kaɗai. Tsakiya, su biyun tare. Dalma ya tura sama, ya ƙwanƙwasa kunnen wuya da bakin sukurdireba, sifika ta ce ƙwas. Ya tura ƙasa, ya ƙwanƙwasa ɗayan, ƙwas. Kowanne lafiya lau shi kaɗai. Bai ko tuna ya gwada su tare ba.

Cokalin ne ya hana shi sakat. Sai an huda fuskar jitar wuri huɗu kafin ya zauna, wan kuwa tun suna samari ya kafa doka, ko ƙusa ba a kusantar da ita. Dalma ya ja zare daga wuya har gindi don ya sami tsakiya, ya zaro fensir daga kunne ya ɗiga ɗigo huɗu. Ya goge. Ya sake aunawa, ya sake ɗigawa a daidai inda ya goge. Kwana biyu ɗigon nan suna kallonsa. In ya huda wan ya ƙi karɓa, ya ɓata abu ɗaya da ya rage wa mutumin, kuma ba sauran hanya tsakaninsu har kabari. In bai huda ba, ga jita ga bola. Ranar da ya ɗauki mahuji sai da ya rufe ƙofar shago, kada tela ya leƙo. Garin katako ya fito fari daga cikin jan fenti. Ya hure shi, ya ce, "Yi haƙuri," bai san ko da wa yake ba.

Ya sa tsirkiyoyi sirara masu taushin dannawa, ya ɗaure murya, ya goge ta da tsumma. Bayan la'asar ya rataya jakar a kafaɗa, ya ɗauki ƙaramar sifika a hannu, ya kama hanyar da ƙafarsa ta shekara goma sha biyu tana kauce wa.

Matar wan ta buɗe, ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa gefe. "Yana ciki. In ya jefe ka da kofi, ka kauce, kofin nawa ne."

Wan yana kan kujera a bakin taga, ya rame, gemu ya yi fari, hannun hagu a kan cinya kamar na aro. A kan teburin gefensa kwalaben magani ne a jere. Dalma ya ce, "Yaya, ina wuni." Shiru. Ya tsuguna ya nemi wurin jona wuta, ya warware waya, ya jona, duk kamar yadda ya saba yi a bayan labule. Sannan ya zaro jitar ya ɗora masa a cinya, ya koma ya tsaya jikin bango.

Wan ya daɗe yana kallon ƙusoshi huɗun da ke fuskarta. Jijiyar wuyansa ta tashi. Dalma ya dubi ƙofa.

Sai hannun dama ya motsa da kansa. Babban yatsa ya ture makunnin zuwa tsakiya, don a tsakiya ya yi kiɗansa duk rayuwarsa, kunnuwa biyu tare. Yatsun hagu biyu suka rarrafa suka danne. Ya kaɗa.

Abin da ya fito daga sifikar nan ba ya faɗuwa. Wata 'yar murya ce siririya ta hanci, kamar agwagwa mai mura. Matar ta toshe baki da mayafi. 

Wan ya tura makunni sama, ya kaɗa, murya ta cika ɗaki. Ya tura ƙasa, ta fito tas. Ya mayar tsakiya, agwagwa ta dawo. Ya ɗago kai, karon farko, ya dubi ƙanensa ido cikin ido. Bakin ya ɗan karkace, maganar tana jan ƙafa, amma ta fito.

"Jaki."

"Na'am, Yaya."

"Ka juya waya. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, suna cinye juna. Ka bi launi ko? Ba masana'anta ɗaya ba ce, jar wannan ba jar wancan ba ce. Ba ka karanta takardar ba."

"Ban karanta ba."

"Shekara arba'in!"

"Da ɗaya."

Matar ta fita da sauri, aka ji ta a madafa tana dariya tana fyace hanci.

Wan ya taɓa ɗan hannun ƙarfen da yatsa. "Wannan kuma fa? Kowa ya shigo ɗakin nan da cokali yake zuwa, sha wannan, lashi wancan. Kai ma cokalin ka kawo mini?"

"Danna ka ji."

"Ka huda ta."

"Na huda."

"Wuri huɗu."

"In ba ka so, in cire in toshe."

Wan ya tura makunni sama, ya danne tsirkiya ɗaya, ya kaɗa, ya kama cokalin da 'yan yatsun dama ya girgiza. Ya yi yawa, murya ta yi layi kamar ta mashayi. Ya yi tsaki. Ya sake, a hankali. A karo na biyar ko na shida sai ga ta, ba ita ce sak ba, amma 'yar'uwarta ce, muryar nan mai son kuka tana jin kunya. Ya riƙe ta har ta mutu da kanta. Ba wanda ya dubi wani.

"Gobe ka zo da ƙarfen dalma," in ji wan, yana kallon taga.

Dalma ya zo. Ya juya wayoyi biyu, aikin minti biyar. Aka tura tsakiya, kunnuwa suka haɗa baki, har gilashin taga ya amsa. Ya naɗe kayansa a hankali, ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Aiki ya ƙare, ba shi da sauran dalilin zama, kuma a gidansu ba a koya musu zama ba dalili ba. Ya kai bakin ƙofa ke nan wan ya ce, "Kai. Ta sauka."

Gaskiya ne, ta sauka. Halin cokali ke nan. Duk lokacin da aka danna shi tsirkiyoyi sukan ja su saki, sai su maƙale a tsagar ɗan ƙashin da ke wuyan jita, ba sa komawa daidai inda suke. Waƙa biyu, murya ta karkace, sai an murɗa makullan ɗauri. Makullan kuwa aikin hannun hagu ne. Dalma ya ajiye akwati, ya tsuguna, ya murɗa, wan yana kaɗawa yana cewa, "Ƙara. Ƙara. Ya isa, kurma."

To, maganin wannan ba wani abu ba ne. Duk mai gyaran jita ya sani. Ka goga bakin fensir a cikin tsagar ƙashin nan, baƙin ya sa ta yi santsi, tsirkiya ta riƙa zamewa tana komawa wurinta, sai a kwana biyu ba a nemi mai ɗauri ba. Dalma ya sani tun yana saurayi. Fensirin kuma yana nan a bayan kunnensa.

Yanzu kullum bayan la'asar yakan rufe shago. Tela ya ce, "An tafi ba jita abinci?" ya ce, "An tafi." Ya je ya zauna a kan ɗan benci kusa da gwiwar wansa. Ba hira suke yi ba, kada ku ɗauka. Maganar ɗakin taron nan ba wanda ya tayar, ba kuma wanda zai tayar. Wan ya yi waƙa biyu da yatsu biyu, ya miƙo wuyan jita, Dalma ya murɗa. Matar ta kawo shayi kofi biyu tana mita, wai da mutum ɗaya take ciyarwa ba ya ci, yanzu biyu ne kuma ba sa ƙoshi. Kafin magariba ya koma ɗakinsa, inda har yau ba rediyo, ya zauna a kujerarsa ɗaya, kunnensa yana ta maimaita masa abin da ya ji.

Ran nan yana tsugune yana murɗawa, ya ji idon wan a gefen kansa.

"Wannan fensirin da ke kunnenka," in ji wan, "na aiki ne ko na ado?"

Hannun Dalma ya tsaya a kan makulli. "Na ado ne, Yaya."

Wan ya kama cokalin ya danna shi har ƙasa, ya sake, tsirkiyoyi shida suka watse kowace ta kama gabanta.

"To bar shi inda yake," ya ce. "Ɗaura."